Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Malaman Fim a Makarantunmu, Kan Minti Biyun Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina masu koyar da fim, wasan kwaikwayo da aikin jarida a jami'o'i da kwalejojin Arewa, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu. Ni edita ne a Kano. Sana'ata zama gaban kwamfuta ina yanka da haɗa abin da wasu suka ɗauko. Duk ƙarshen zangon karatu ɗalibanku kan cika mana ɗaki da furojet ɗinsu, wani a gyara masa sauti, wani a daidaita masa launi, wani kuwa mu'ujiza yake nema a yi masa kafin Litinin. Saboda haka ina ganin aikinsu kafin ya iso teburinku, kuma wasu kan dawo su nuna mini makin da suka samu da abin da aka rubuta musu da jan biro. Wannan jan biron ne ya sa na rubuto muku.

Ƙorafina bai wuce kan yadda ɗalibi ke buɗe fim ɗinsa ba, da ma'aunin da ake auna buɗewar da shi.

Idan na tambayi ɗalibi me ya sa ya fara fim ɗinsa haka, amsar da na fi ji ita ce: an ce mana kada mu yi irin na Kannywood. To madalla. Sai me ya yi a madadin haka? Baƙin allo. Ƙarar agogo. Hannu ya fito daga cikin bargo yana lalube har ya danne agogon. Saurayi ya tashi, ya yi miƙa, ya tsaya gaban madubi yana goge baki, wata murya kuma tana cewa sunana wane, ga labarina. Allah ya gafarta malam, a wane gida ne a Fagge ko Tudun Wada agogon tebur ke tashin saurayi daga barci? Ladan ne ke tashinsa, ko mahaifiyarsa da ke buga ƙofa, ko zafin ɗaki bayan an ɗauke wuta. Wannan agogon daga gajerun fina-finan ɗaliban ƙasashen waje yaron ya kwaso shi a YouTube, kuma can ɗin ma an daɗe da gajiya da shi. Ya ajiye al'adar da ya sani ciki da bai, ya ɗauko wata da bai san dalilinta ba, aka kuma ba shi maki don fim ɗinsa ya yi kama da na Turawa.

Mai bi masa a yawa shi ne fim ɗin faɗakarwa: kango, samari uku, hayaƙi, kwalbar maganin tari, kiɗa mai karya zuciya. Tun bayan rahoton BBC da ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, wannan kwalba ta zama jaruma a furojet ɗin ɗalibai. Saƙon mai kyau ne, ba gardama. Amma shi ma nau'in fim ne mai tsarinsa da kowa ya haddace, sai dai ba a taɓa kiran mai shi da kwaikwayo, don ana jin nauyin rage wa wa'azi maki.

Aikin buɗewa shi ne ƙulla yarjejeniya da mai kallo. Idan kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa ta zo mu ji ta, an gama magana: Gizo zai yi zance, Ƙoƙi za ta yi girki, ba yaron da zai ce ƙarya ne. Idan kuwa ta fara da cewa a zamanin Sarkin Kano Alwali, wani kunnen daban za su saka mata. Fim ma haka yake, kuma mai kallon fim ɗin Hausa ya iya karatun waɗannan alamu fiye da yadda ake zato. A nuna masa gari daga sama, a sauko kan katafaren get, mota ta yi hon, mai gadi ya rugo, ya riga ya san gidan Alhaji za a shiga, akwai falo mai manyan kujeru, akwai Hajiya, akwai 'ya ko ɗa da aurensu zai zama rigima. A sa masa carar zakara da sarewa da mace tana daka, ya san ƙauye ne, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai tafi birni. Jan ƙyalle, ƙwarya, hayaƙi da dariya mai amsa-kuwwa, boka ne. Kiɗa mai tsalle-tsalle da mutum yana gudu ana binsa da sanda, camama ce, ya gyara zama don dariya. Cikin daƙiƙa goma ya san inda aka dosa, ba tare da an furta kalma ɗaya ba. Darakta a ko'ina cikin duniya zai yi murna da samun masu kallon da suka haddace masa alamu haka, amma mu ana koya wa ɗalibi ya ji kunyarsu.

Waɗannan alamu kuwa suna da tarihi, kuma tarihin ne ya kamata ya zama darasin farko. Kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, mutanen Kano sun shekara da shekaru suna kallon fina-finan Indiya a silimu irin su Plaza da Orion da Marhaba, har idonsu ya saba da soyayyar da iyaye ke hanawa da waƙar da ke tsayar da labari. Da Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta fiyano ta kama gari, 'yan kasuwar kaset suka gane abin da ke sayar da fim, furodusoshi kuma suka bi. A shekarar ce mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, abin da ake iya nunawa da wanda ba a iyawa ya ƙara fitowa fili. Ke nan kowace al'ada da ake gani a allo akwai abin da ya haife ta: kasuwa, ko doka, ko ƙarancin kuɗi, ko ɗanɗanon matan da ke kallo a cikin gida, waɗanda su ne suka riƙe kasuwar tun farko. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana rubutu kan wannan, ba sai an je nesa neman abin karantarwa ba. Ɗalibin da ya san dalilin al'ada shi ne zai iya yanke shawarar ya bi ta ko ya kauce mata.

Ku da kanku kuna karantar da maganar masanin nan ɗan Birtaniya, Steve Neale, wanda tun 1980 ya bayyana cewa nau'in fim na rayuwa ne kan maimaici da bambanci. Ɗalibai na haddace ta don jarrabawa. Amma idan aka zo duba fim, sai a manta da rabin maganar, a ɗauka maimaici laifi ne, bambanci kuwa shi ne wanda ya yi kama da abin da ke cikin littafin da aka rubuta a Landan.

Bari in ba ku misali biyu da suka ratsa ta kwamfutata.

Wata ɗaliba ta yi fim kan kishiya. Jin haka kawai na san wasunku sun yi tsaki. Ga yadda ta buɗe shi. Ɗakin uwargida ne bayan isha'i. Tana zaune bakin gado, sabon zanin atamfa a kan cinyarta, na kayan faɗar kishiya, takardar kamfani ma ba ta gama fita daga jikinsa ba, tana kankare ta da farce. Daga waje ana jin hon ɗin motoci yana matsowa, sai guɗa, sai hayaniyar mata a tsakar gida. Ƙaramar 'yarta ta zabura za ta leƙa taga, uwar ta riƙo hannunta ba tare da ta dube ta ba. Ta tashi ta ɗaura zanin, ta shafa jan baki, ta tsaya gaban madubi ta gwada murmushi, bai yi mata ba, ta sake gwadawa. Sannan ta ɗaga labule ta fita, kyamara ta tsaya a ɗakin, sunan fim ya fito. Ba a ga amarya ba, ba a ga miji ba, ba wanda ya yi magana. Abin da aka rubuta mata shi ne labarin ya tsufa, Kannywood sun gama da shi. Ranku ya daɗe, wannan yarinya ta bi nau'inta sau da ƙafa, kuma da gangan. Saboda ta san mai kallo ya ga daren kai amarya a fim sau ba adadi, ba ta ɓata lokaci tana nuna masa shi ba, ta bar kunnensa ya yi aikin, ta kai idonsa ɗakin da ba a saba shiga ba a wannan daren. Kuma hakan ya rage mata kuɗin hayar motoci da tara 'yan rakiya, wanda shi ma ilimi ne da furodusa zai biya a koya masa. Labarin kishiya ba zai tsufa ba matuƙar ana yin kishiya.

Na biyun saurayi ne, ya fara da get ɗin nan da kowa ya sani. Hon, mai gadi ya rugo yana gyara hula, ya buɗe, ya rusuna, mota mai baƙin gilas ta shige. A nan al'ada ta ce kyamara ta bi motar, a buɗe ƙofa, a ga takalmin Alhaji ya taka ƙasa. Shi kuwa sai ya ƙi bi. Kyamara ta tsaya da mai gadi yana turo get, ya sa sakata, murmushin ya bar fuskarsa, ya koma kan bencinsa inda shayinsa ya huce, ya zaro wata takardar asibiti daga aljihu ya warware ta, ya ƙura mata ido a juye, don bai iya karatun boko ba. Jan biro ya ce ba a gabatar da jarumi ba cikin minti biyun farko. An gabatar da shi mana, shi ne mutum na farko da aka gani. Abin da ya faru shi ne mai duba aikin ya zauna yana jiran Alhaji, kamar yadda yaron ya shirya kowa zai jira. Mai gadi a fim ɗin Hausa ɗan ban dariya ne, mai gurɓatacciyar Hausa ko mai kwaɗayi, ana amfani da shi a huta kafin a koma ga masu gida. Yaron ya san haka sarai, shi ya sa tsayawar kyamarar ke da nauyi. Da za a nuna wa Bajamushe wannan buɗewa, mutum kawai zai gani yana rufe ƙofa. Mu da muka ga get ɗin ya buɗe a fina-finai ɗari, mu ne za mu ji an taɓa mu.

Waɗannan biyun, ɗaya ta bi, ɗaya ya kauce, amma ilimi ɗaya suka nuna, kuma shi ya kamata a ba maki: sun san abin da mai kallonsu ke jira, sun kuma yanke shawara kan abin da za su yi da jiran nasa.

Ba sabon abu ba ne a wannan yanki namu. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Ya ɗauki duk alamomin fim ɗin kaboyi da matasan Yamai suka saba gani a silima, ya dasa su a ƙasar da ba tasu ba, ya bar mai kallo ya ga abin dariya da abin tsoron da ke cikin aron. Bayan shekara biyu, Sergio Leone na Italiya ya buɗe nasa fim ɗin kaboyin da mutum uku suna jiran jirgin ƙasa a tasha, kimanin minti goma ba kiɗa, sai ƙarar injin iska, da ƙuda mai damun ɗaya, da ruwa mai ɗiga kan hular wani. Kowa ya san harbi za a yi, kuma an yi, sai dai ya ja jiran har ya zama shi ne abin kallon. Na tabbata na biyun yana cikin darussan wasunku. Na farkon, wanda aka yi a nan maƙwabta, ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sunan mai shi?

Kada a ɗauka ina cewa duk wanda ya kauce wa al'ada ya yi abin kirki. Mu editoci mun fi kowa sanin ƙaryar da ke cikin wannan. Ɗalibi zai ɗauko sin cikin duhu don bai tanadi fitila ba, ya ce salo ne. Kyamara na rawa don ba a samu abin ɗora ta ba, ya ce yana nuna tashin hankalin jarumi. Muryar 'yan wasa ta nutse cikin ƙarar janareton maƙwabta, ya ce haka rayuwa take. A nan jan biro ya yi aikinsa, ba ni da ta cewa. Hanyar bambance kuskure da niyya kuwa mai sauƙi ce: a tambaye shi wace al'ada ya karya, a wane fim ya gan ta, me mai kallo zai ji da aka karya ta. Wanda ya yi da gangan zai amsa nan take, har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma wani ruɗani da na ga yana cutar da yaran, kuma ku kaɗai za ku iya warware shi. Da yawansu sun ɗauka ƙalubalantar tsarin fim ɗin Hausa na nufin tsallake iyakar tarbiyya: a nuna sigari, a cire mayafi, a sa namiji ya riƙe hannun mace. Wasu malaman ma, da suka ji ɗalibi ya ce zai saɓa wa al'ada, nan hankalinsu ke tafiya, sai su taka masa burki tun bai yi bayani ba. Abubuwa biyu ne daban. Cewa namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗinmu iyaka ce ta al'umma da hukuma, kuma cikin wannan iyakar ne daraktocinmu suka koyi nuna so da kallo, da tazarar da ke tsakanin mutum biyu a zaure, da yadda budurwa ke wasa da bakin mayafinta. Cewa dole kyamara ta bi motar Alhaji kuwa sabo ne kawai, ba aya ba hadisi. Yaron da ya yi fim ɗin mai gadi bai nuna abin da hukumar tacewa za ta yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, amma ya girgiza tsarin fiye da mai kwalba da hayaƙi.

Ga abin da nake roƙo. A makarantun da ke bin manhajar Cambridge ta nazarin kafofin watsa labarai, akwai aikin da ake ba ɗalibi na shirya buɗewar sabon fim da ba ta wuce minti biyu ba, haɗe da sunayen da ke fitowa a farko, sannan ya yi bayanin yadda aikinsa ya yi amfani da al'adun nau'insa ko ya ƙalubalance su. Wannan tsari ya dace da aljihun ɗalibanmu fiye da fim ɗin minti ashirin da ake tilasta musu, wanda ke cinye kuɗin iyaye ya fito rabi babu sauti. Minti biyu ana iya ɗaukarsa da waya mai kyau da makirufo na aro a yini guda, a sake ɗauka idan bai yi ba. Amma idan za a aro tsarin, a bar wa masu manhajar jerin nau'o'insu. Namu ɗalibin ya zaɓa daga abin da masu kallonsa suka sani: soyayya, rikicin gida, camama, fim ɗin sarauta, na boka da aljanu, na faɗakarwa. Wanda ya ce shi na ban tsoro irin na Amurka zai yi, a bar shi, da sharaɗin ya faɗi wa zai kalla, kuma me ya sa abin rufe fuska zai tsorata mutumin da tun yana yaro tsoronsa na kan tsamiyar bayan gari da fita tsakar rana. Kafin ya taɓa kyamara, ya kawo buɗewar fina-finai biyar na nau'in da ya zaɓa, ya rubuta abin da aka fara gani, abin da aka fara ji, wa ya fara magana, a minti na nawa matsala ta ɓullo. Da yawa za su yi mamakin abin da suka shekara ashirin suna kallo ba su lura ba.

Sannan a fitar da aikin daga ofis. A tara masu shara da masu gadin makaranta da matan da ke sayar da abinci a bakin get, a kunna musu minti biyun, a tsayar, a tambaye su wane irin fim ne wannan, me suke zaton zai faru, za su ci gaba da kallo ko a'a. Idan duk suka ce camama ce alhali ɗalibin ban tausayi ya nufa, ya samu darasin da ba jan biron da zai ba shi. Kasuwar da yaran nan za su shiga ba ta da haƙuri. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga baya kuma fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube, mai kallo da datarsa yake kallo, yatsansa na kan allo. YouTube na nuna wa mai tasha adadin waɗanda suka rage bayan daƙiƙa talatin na farko, kuma furodusoshi na duba wannan adadin kafin su sake kiran darakta aiki. Har yanzu ina karɓar furojet da ke cinye minti ɗaya da rabi kan tambarin makaranta da godiya ga shugaban sashe da iyaye da abokan arziki kafin a ga fuskar mutum. Godiyar a mayar da ita ƙarshe, ba wanda zai yi fushi.

A kuma ware wa sauti makinsa daban. Rabin abin da ya sa ɗakin uwargidan nan ya yi aiki ba a gan shi ba, jin sa aka yi, kuma a takardar makin da ɗalibar ta nuna mini babu ko layi ɗaya na sauti.

Mu da ke cikin sana'ar ba mu fi ƙarfin a kira mu ba. Akwai editoci da masu ɗaukar hoto a Kano da Kaduna da Jos da za su zo aji kyauta da faifan da ke cike da buɗewar tsofaffi da sababbin fina-finai, mu zauna da ɗalibai mu warware su ɗauka bayan ɗauka, ku kuma ku ɗora musu nazarin da mu ba mu da shi. Abin da za mu nema shi ne majigi, da lasifika mai kyau, da tabbacin akwai mai a janareto.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani edita a Kano.